Matar Mai Sikila a Garin Sanyi

A Funtua aka haifi Raki, a gidan wani mai gyaran injin niƙa. Tun tana ƙarama aka san ta da ƙarfin jiki. Idan zazzaɓin damina ya kwantar da mutanen gidan, ita za ka gani tana zagayawa da kwanon koko daga wannan ɗaki zuwa wancan. Mahaifiyarta takan ce ba ta taɓa kai ta asibiti ba sai don riga-kafi. Ta yi makarantar horon malamai a Zariya, ta dawo gida tana koyar da 'yan aji uku a wata firamare da ke bayan tashar mota.

A Zariyar ta haɗu da Sha'aban. Malami ne a jami'a, fanninsa binciken ƙasar noma. Dogo ne siriri, mai yawan barkwanci, farin idonsa da ɗan rawaya-rawaya. A zuwansa zance na biyu, tun kafin a kawo masa ruwa, ya ce mata, "Ina da sikila. Gara ki ji daga bakina tun yanzu, in za ki gudu ki gudu ina kallo."

Ba ta gudu ba. Aka yi gwajin jini, nata ya fito lafiyayye. Mahaifinta ya kira ta zaure ya tambaye ta ko ta san abin da take shirin ɗauka. Ta ce ta sani.

Ba ta sani ba sai bayan biki da 'yan watanni. Ruwan sama ya doke shi a kan babur yana dawowa daga Samaru. Kafin magariba, mutumin da ya shigo yana dariya yana matse riga ya koma yana birgima a kan katifa, yana cizon matashi don kada maƙwabta su ji. Ya yi mako guda a asibiti. A barandar asibitin ce mahaifiyarsa, Inna Hafsatu, wadda wannan ciwo ya riga ya ɗauke mata 'ya mace, ta zaunar da Raki.

"Ki kiyaye masa sanyi, ki yi ta ɗura masa ruwa ko ba ya so," in ji ta. "Kuma kada ki yarda da 'lafiya lau' ɗinsa. Tun yana yaro haka yake. In kika ga ya yi shiru yana murza gwiwa, to ya fara."

Shekara biyu bayan haka ya samu tallafin karatun digiri na uku a Manchester, kuma aka ce zai iya tafiya da iyalinsa. Abokan aikinsa suka yi ta taya shi murna. Inna ba ta taya ba.

"Duk ƙasashen Allah a rasa inda za a tura ka sai inda rana ba ta fitowa?"

"Inna, asibitocinsu sun fi namu."

"Ni ba asibiti nake nema maka ba. So nake kada ka shiga."

A filin jirgi Inna ta kama hannun Raki ta riƙe gam, ta ce, "Amana na ba ki." Raki ta ce, "In sha Allahu, Inna." Har jirgi ya tashi tana jin wurin da yatsun tsohuwar suka matse.

Sun sauka a ƙarshen Satumba. Suka kama wani ƙaramin flat a Longsight, a benen wani tsohon gida na jan bulo, a layin da ke ɓullewa Stockport Road. Iskar da ta tare su a bakin ƙofa ta sa Raki ta ja mayafi ta rufe hanci. Mai gidan, wani dattijo ɗan Pakistan, ya yi dariya ya ce ai wannan ba sanyi ba ne, sanyi na nan tafe. Da wasa ya faɗa. Ita kuwa ta ajiye maganar a ranta.

Sanyin bai zo rana ɗaya ba. Kullum sai ya ƙaru kaɗan, rana kuma tana ta gajercewa. Zuwa Nuwamba, mutum zai idar da azahar, ya ɗan juya, la'asar ta yi, kafin ya wanke kwanuka duhu ya rufe gari. Ruwan famfo in ya taɓa hannu sai ka ji har cikin haƙori. Raki ta shiga dafa masa ruwan alwala. Ta liƙe gefen tagogi da salatif, ta cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa. Hita mai ɗumama ɗaki kuwa ba ta bari a kashe ta, har bango ya fara zufa, baƙin danshi ya fito a kusurwar ɗakin kwana, ta yi ta gogewa yana dawowa.

Da asuba abin da take fara dubawa a waya shi ne hasashen yanayi, na Manchester, har da na garuruwan da ba ruwansu da su. Sai ta ɗora safarsa a kan ƙarfen hita ta yi ɗumi. Ta jera masa kaya a kan gado, rigar ciki ta sanyi mai manne wa jiki, shet, suwaita biyu, jaket, hular ulu, safar hannu. Ta cika masa fulas da shayin citta, da gorar ruwa. In ya fita ta tsaya a taga har ya sha kwana, sannan ta kira shi.

"Malam, bas ta zo?"

"Yanzu na iso wurin, Raki."

"Ka shiga shago ka jira, kada ka tsaya a iska."

Ita kanta ba ta zuwa ko'ina in ba kasuwar Longsight ko wurin mai nama ba, shi ma sauri-sauri. A masallaci takan gaisa da matan Somaliya da na Pakistan, amma gaisuwar ba ta wuce sallama da murmushi. Yini take ita kaɗai da fitila a kunne. Gwiwoyinta suka fara ciwo in za ta hau bene, gashinta na biyo mataji, abinci ba ya mata daɗi. Ba ta ɗauki wannan a bakin komai ba, don a gidan an riga an san wane ne marar lafiya. Kullum da hantsi Inna za ta kira, kuma tambayar ɗaya ce: "Ya jikinsa?"

Jikinsa kuwa lafiya. Oktoba ta wuce, Nuwamba ta wuce, Disamba ta wuce, ko ciwon kai bai yi ba. GP, wato likitan unguwa, ya tura shi asibitin masu sikila, aka sa masa rana, aiki ya yi masa yawa ya ɗaga. Ya fara gajiya da tsaron da ake masa. Ya ce a jami'a ɗakunan da ɗumi suke, in ya shiga sai ya yi ta tuɓe riguna kamar mai ɓare albasa, ɗaliban da suke ofis ɗaya har jira suke su ga ta nawa zai tsaya.

A watan Janairu malaminsa ya ce ya kai samfurin ƙasa Birmingham, can ne ake da na'urar da za ta auna masa. Tafiyar yini ɗaya ce a jirgin ƙasa. Raki ta duba waya ta ga an sa gargaɗin dusar ƙanƙara a ranar.

"Ka ɗaga tafiyar nan, Malam."

"Na daɗe ina jiran a ba ni wannan ranar. In na bari ta wuce, sai bayan wata biyu."

"To sai me? Ƙasa ce, ba ruɓewa za ta yi ba."

"Raki, kin mai da ni kamar ƙwai. Na yi shekara talatin da wani abu da ciwon nan kafin in san ki. Ba zan zo ƙasar mutane in zauna a gindin hita ba."

"Ni aka damƙa wa amana, ba kai ba."

"To ni ba kaya ba ne."

Bai taɓa yi mata magana da wannan murya ba. Da safe ta jera masa kayan kamar kullum, ya sa duka, ya ɗauki jaka ya fita.

Wajen azahar dusar ta fara sauka. Shi ne ganinta na farko. Ta ɗauka za ta zo da ƙara kamar ruwan sama, sai ta ga abu na saukowa shiru, fari, kamar audugar da iska ke kwasowa daga masana'antar gurza a Funtua. Nan da nan rufin motoci ya ɓace. Yaran maƙwabta suka fito suna ihu suna jifan juna. Ta buɗe taga kaɗan ta tara hannu, abin ya narke a tafinta, sanyinsa ya harba har gwiwar hannu. Ta rufe tagar ta kira shi.

Ya ce ya gama aiki, yana hanyar tasha. Bas ba ta zo ba, sai ya tako da ƙafa, takalmansa sun ɗan jiƙe amma ba komai. Da ta sake kira ya ce yana tashar New Street, an jinkirta jirgi. Can kuma ya ce an soke wancan, amma an ce wani na tafe, kowa na tsaye a bakin layi don kada ya rasa wuri.

"Ka hau sama ka zauna inda ake sai da shayi."

"In na tafi na rasa shi, shi ke nan sai gobe."

"Ya jikinka?"

"Lafiya lau."

A gajarce ya faɗa, kuma ta ji yadda ya ja numfashi kafin ya faɗa. Ta zauna a bakin gado. Ta kira, ba a ɗauka ba. Ta yi la'asar, ba ta san me ta karanta ba. Ta sake kira, ta sake. Gari ya riga ya yi duhu lokacin da aka ɗauka, kuma muryar mace ta ji, da Hausa.

"Sannu. Ke ce Raki?"

"Ni ce. Wace ce? Ina mai wayar?"

"Sunana Grace, 'yar Kafanchan ce ni. Ina nan tasha tare da mijinki. Ki tsaya ki ji ni da kyau, yana numfashi, yana magana. Na gan shi a durƙushe yana kiran Allah da Hausa, shi ya sa na matso. Na kira ambulance, suna hanya."

"Sikila gare shi. Ki faɗa musu sikila gare shi. Don Allah ki rufe masa ƙafa."

"Ya faɗa mini. Na cire masa jiƙaƙƙen takalmin, na naɗe ƙafar da gyalena. Aikin kula da tsofaffi nake yi, na ɗan san kan abin. Akwai maganin da jikinsa ba ya so?"

Raki ta faɗa mata. Ta roƙa a sa masa wayar a kunne. Abin da ta ji kawai shi ne, "Raki, bayana," sai nishi. Grace ta karɓa ta ce za ta bi su asibitin, kuma ta ba ta lambarta.

Raki ta zura hijabi a kan suwaita ta fita da takalmin da ba na ƙanƙara ba. Sau biyu santsi na kwasar ta kafin ta kai titi. Bas na tafiya kamar ta tsaya. A tashar Piccadilly ta tarar a allon jiragen ƙasa duk an soke na kudu. Wani ma'aikaci ya ce ta gwada motocin dogon zango, ta je can aka ce sai da safe, in an share hanya. Ta tsaya a tsakiyar mutane da jakunkunansu, kowa na magana a waya, ta rasa wanda za ta ce wa wani abu. Ta koma gida. Inna ta kira, ta zuba wa wayar ido har ta katse. Grace ta turo saƙo cewa an karɓe shi, an yi masa allurar kashe zafi, ya samu barci. Ita dai ba ta samu ba.

Da safe ta samu kujera a motar farko. Tunda suka zo ƙasar ba ta taɓa fita daga Manchester ba, kuma ba ta taɓa yin tafiya ita kaɗai ba. Gonaki duk sun yi fari fat har iyakar gani, tumaki a tsaye cikinsu kamar an dasa. A gefen babbar hanya ta ga wata ƙaramar mota da ta zame ta faɗa rami, babu kowa ciki. Ta kau da kai. Duk tsawon hanyar abu ɗaya take yi a ranta, tana harhaɗa kalmomin da za ta faɗa wa Inna idan abin ya zo da ƙarar kwana. In ta haɗa sai ta yi istigfari ta watsar, can kuma ta tsinci kanta ta sake farawa.

A tashar mota ta Digbeth a Birmingham wata gajeriyar mace mai jiki, cikin ƙatuwar jaket da hular ulu ja, ta nufo ta kai tsaye.

"Ko ba a faɗa ba ke ce. Zo nan, ƙanwata."

Ta rungume ta. Raki ba ta yi niyyar kuka ba, amma sai da ta jiƙa wa matar kafaɗa.

A asibiti ta same shi da robar iska a fuska, an jona masa ruwa, leɓunansa sun yi fari. Ya buɗe ido ya gan ta, ya ɗaga yatsu biyu daga kan bargo. Likita ta zo, wata Baturiya mai furfura, ta yi bayani da sauri. Raki na jin Turanci, ai da shi take koyarwa, amma a ranar kalmomin wucewa kawai suke. Grace ta ce wa likitar ta maimaita a hankali. Ciwon ya taɓa ƙirjinsa, wannan ne abin da suke tsoro. Za su canza masa wani kaso na jini. Kwana biyun da ke tafe su ne masu wuya.

"Zai tashi?" in ji Raki.

Likitar ta ce an kawo shi da wuri, kuma suna da kyakkyawan fata. Ba ta ce eh ba. Raki ta lura da haka.

Ba a barin mai jinya ya kwana a ɗakin, don haka Grace ta tafi da ita gidanta a Handsworth. Mijinta Jedidiah direban bas ne, mutum mai sanyin magana. Ya gaishe ta da "Sannu da zuwa, Madam, Allah ya ba shi lafiya," ya ɗauko waya ya nemo mata alƙibla, ya ce ta yi wajen kabad ɗin can. 'Ya'yansu mata biyu suka koma ɗaki ɗaya suka bar mata gado. Hausarsu ba ta wuce "sannu" ba, Turancinsu kuwa na 'yan garin ne, sai Raki ta kasa kunne sosai take kama shi. Grace ta biya Soho Road ta sayo naman halal, ta yi faten acca da yakuwa. Raki ta ce ba ta jin yunwa. Grace ta tura mata kwano gaba, ta zauna tana kallon ta har ta cinye.

"Wannan suwaitar taki ce, ko aro kika yi?"

"Tawa ce, Anti."

"To ta yi miki yawa. Yaushe rabon da ki fita rana ta taɓa ki? Na ga yadda kike hawa bene kina dafa bango."

"Ni lafiyata ƙalau. Shi ne dai."

"Haka ni ma na ce a shekarata ta farko. A banɗakin wurin aiki nake shiga in yi kuka in wanke fuska in fito. Wancan mijin nawa da kike gani, a lokacin safar ƙafa yake sawa a hannu, wai ta fi ɗumi." Jedidiah ya yi dariya daga falo. "In kin koma ki je wurin GP, ki ce a auna jininki. Ƙasar nan tana cin namu a hankali, ba sai mai sikila ba."

Kwanakin nan biyu Raki ta yi su tsakanin bas da kujerar gefen gadonsa. Tana kallon lambobin da ke kan na'ura, in sun sauka ta miƙe tsaye, in sun hau ta koma ta zauna, ba tare da ta san ainihin abin da suke nufi ba. Dusar waje ta narke ta koma caɓi mai launin toka, da safe kuma ta daskare ta zama gilashi. A rana ta uku aka cire masa robar fuska aka sa ƙarama ta hanci. Ya nemi shayi.

Ranar ce ta kira Inna. Sha'aban ya ce a bari sai an sallame shi, ta ce a'a, tsohuwar ta riga ta san akwai wani abu tunda aka daina ɗaukar wayarta. Ta fita baranda ta faɗa mata komai.

"Yana ci?" in ji Inna.

"Ya sha shayi ɗazu."

"Ku tattaro ku dawo. Na binne ɗaya, ba zan jira a aiko mini da labarin na biyu daga wata ƙasa ba."

Ba ta ambaci amana ba. Da ta ambata, da wataƙila abin ya fi sauƙi a wurin Raki.

Da ta koma ciki ta faɗa masa.

"Rigar cikin nan na cire a ɗakin gwaji, zafi ya ishe ni," ya ce. "Na ce in na zo tasha zan mayar. Tana cikin jaka."

"Na gan ta."

"Ba ki ce komai ba."

"Me zan ce?"

Ya juyo ya dube ta sosai, kamar ya kwana biyu bai gan ta ba. "Raki, in kin ce mu koma, mu koma. Ba don ni ba. Jiya da kika shigo na ga wuyan hannunki. Ban san kin zama haka ba, kuma gida ɗaya muke."

Washegari ta tare likitar nan mai furfura a hanya, ita kaɗai, ta tambaye ta ko sanyin ƙasar nan zai kashe mata miji. Likitar ta ja ta gefe suka zauna. Ta ce sanyi haɗari ne gare shi, babu shakka, amma tana da marasa lafiya da yawa da aka haifa a nan da ciwon, suna aiki, suna da iyali. Akwai maganin da za a ɗora shi a kai mai rage yawan tashin ciwon, in zai riƙa zuwa ana duba shi. Ta ce alkawari ne kawai ba za ta iya yi mata ba, kuma ba ta jin akwai likitan da zai yi mata shi a ko'ina.

Raki ta juya maganar kwana biyu. Ta tuna barandar asibitin Zariya, da yadda suka yi ta neman jini a waya wurin 'yan'uwa. Ta kuma tuna muryarsa daga tasha. Ko wanne ta ɗora a zuciya sai ɗayan ya danne shi. Daga ƙarshe ta ce masa, "Mu kai bazara mu gani. Amma asibitin nan da ka ɗaga, za ka je, kuma tare za mu je."

"Na yarda. Ke kuma kira ɗaya a yini."

"Biyu."

Da kanta ta sanar da Inna. Tsohuwar ta ce, "To," ta kashe waya. Ta yi makonni ɗanta kawai take kira. Wannan ya dami Raki fiye da yadda ta nuna. Sai wata rana da hantsi wayarta ta yi ƙara, Inna ce, tana tambaya ko kukarsu da daddawa sun ƙare, akwai mai tahowa.

GP ya auna ta ya ce jininta ya yi ƙasa, sinadarin da jiki ke samu daga rana kuma kusan babu. Ya ba ta ƙwayoyi, ya tambaye ta barcinta, ta faɗa masa gaskiya. Ciwon gwiwar ya tafi cikin 'yan makonni. Fargabar ba ta tafi ba, ta dai ragu ta koma abin da za a iya yini da shi. Bayan hutun Ista ta samu aikin taimaka wa malama a wata firamare kusa da su, inda dole ta fita fili da yara ko ana yayyafi. Grace kan kira ta ranar Lahadi bayan coci. Da Sallah suka zo Manchester ita da Jedidiah da yaran, Raki ta yi musu waina.

Bazara ta zo ba wanda ya tayar da maganar komawa. Ciwon ya sake tashi sau ɗaya, a tsakiyar watan Yuni, ranar da ake zafi, don ya yini a gonar gwaji bai sha ruwa ba. Kwana uku ya yi. Raki ta ce wannan ya fi ruɗa ta, don ta ɗauka ta san ta inda abin ke shigowa. Sanyi na biyu ya zo ya wuce lafiya, ko da yake duk ranar da aka ce za a yi dusa takan kasa cin abincin safe.

A shekara ta uku ta haifi ɗa namiji, aka sa masa Zayd. Aka nema wa Inna biza ta zo wankan jego a watan Yuli. Ta sauka ana rana, Turawan layin sun fito da gajerun wanduna suna gasa nama a bayan gida. Inna ta shiga flat ɗin, ta karɓi jariri, ta dubi ɗanta sama da ƙasa, ta ce ya yi ƙiba. Sannan ta nemi jaket ɗinsa ta sa a kan atamfa, kuma ba ta cire ba sai in za ta yi alwala.

Wata rana da yamma suna zaune su biyu a bakin taga, Zayd na barci a cinyar Inna, iska ta ɗan kaɗa labule.

"Wai wannan ne zafin naku?"

"Shi ne, Inna. Ba ya wuce haka sosai."

"To sanyin fa?"

Raki ta rasa yadda za ta kwatanta mata. Ta ce sai dai wanda ya gani.

Inna ta gyara wa jaririn hula, ta ja bargo ta rufe masa ƙafa.

"Shi kuma wannan, da me za ki rufe shi in lokacin ya zo?"

"Ina ta tunani, Inna. Anti Grace ta ce akwai irin rigarsu, mai kama da buhu."

"Ki saya tun yanzu ina nan, in gani da idona," in ji Inna. "Ki miƙo mini safa, ƙafata ta yi sanyi."